Kujeru Ɗari Biyu da Sha Biyu

Taswira huɗu a naɗe cikin bututun roba. Takardun sa hannu ɗari biyu da sha biyu. Kwalin biro. Lasifikar hannu mai batirin da ba shi da alƙawari. Sai samfurin sababbin gidajen, na kwali da gam a kan faifan katako, wanda ta rungume a cinya tun daga tashar farko, don motar ofis ta ƙi tashi.

Bas ɗin ya yi minti ashirin a kan gada bai motsa ba. Ta duba agogo, ta gyara zaman faifan, ta sake duba agogo. Mutumin da ke gefenta ya leƙa ƙananan benayen kwalin, ya tambaya ko na yara ne, nawa take sayarwa. Ta ce ba na sayarwa ba ne. Ya ce to Allah ya sa kar wani ya zauna mata a kai.

A ofis Mai-taswira ake ce mata. Wata takwas ke nan da ta dawo daga karatun shekara shida a ƙasar waje, ta kama aiki a hukumar tsara birni, kuma har yanzu tana cikin lokacin gwaji. Aikin da aka ɗora mata shi ne wanda take hange yanzu ta tagar bas: unguwar da ke kwance a ƙarƙashin gadar, kwano kan kwano. Ta tsakiyarta sabon layin bas zai ratsa, mai hanyarsa shi kaɗai, wanda zai mayar da tafiyar awa biyu ta koma minti ashirin da biyar. Za a rushe gidajen, a gina wa mutanen benaye masu sauƙin kuɗi a jikin sabuwar tasha. Yau Asabar za a ji ta bakin jama'a su sa hannu. Litinin majalisar birni za ta zauna. In fayil bai shiga ranar ba, sai baɗi.

Ita ta yi ƙirgar. An tashi jirgin ɗaukar hoto a kan unguwar, ta zauna gaban kwamfuta kwana tara tana ɗiga jan ɗigo a kan kowane rufi. Sau uku ta maimaita, sau uku ta samu ɗari biyu da sha biyu. Aka zana gida ɗari biyu da sha biyu. Aka aika takardar gayyata ɗari biyu da sha biyu. Ita da kanta ta yi wa mai hayar kujeru waya ta faɗa masa adadin, har ya ce ta cika su ɗari biyu da hamsin, ta ce ba ta aiki da “ko da”.

Da ta gaji ta sauka a kan gadar, ta ƙarasa da ƙafa, faifan a kai, bututun a hammata.

Tun daga ƙofar makarantar firamaren da za a yi taron ta fara jin hayaniya. Saura minti arba'in a fara, amma kujerun sun cika. Mutane sun jeru a jikin bango, sun cika baranda, wasu sun ɗare tagogi, filin makarantar ma ya ɗauka. Shugaban makaranta ya tare ta yana cewa ba haka suka yi da ita ba, in aka karya masa taga wa zai kama. Ta ce masa 'yan kallo ne, da an fara bayanin lambobi za su watse.

Ba su watse ba.

A sahun gaba ta ga Mai-gida, dattijon da ta tashi a gidan hayarsa, takardar gayyata a ninke a aljihun gaba yadda kowa zai gani. Can baya kuma, a jikin allo, ta hango Gwaggo a tsaye, ta jingina kafaɗa da bango ta ɗage ƙafar da ke mata ciwo. Ƙanwar mahaifinta ce, tela, ita ta riƙe ta tun tana shekara biyar har ta tafi karatu. Mai-taswira ta ɗaga mata hannu. Gwaggo ta gyaɗa kai kawai.

Ta baje taswira, ta ɗora samfurin a tebur, ta fara. Ta yi bayanin layin bas, da hanyar kekuna, da itatuwan da za a dasa. Lasifikar ta mutu a tsakiyar maganar magudanar ruwa, ta ci gaba da baki. Jama'a suka saurara fiye da yadda ta zata. Da ta ce kowane gida zai samu famfonsa a ciki, wata mata ta yi guɗa daga taga aka yi dariya.

Sai wani dogo mai ƙunar wuta a hannayen riga ya ratso har gaban tebur. Mai-walda ne, shagonsa na bakin famfon unguwa. Ya sunkuya yana kallon samfurin, ya sa ɗan yatsa ya taɓa ƙananan motocin roba da aka jera a gaban kowane bene.

“Ranki ya daɗe, waɗannan motocin da gidan ake bayarwa?”

Ta ce wurin ajiye motoci ne, kowane gida da nasa, haka ƙa'ida ta ce.

Ya ce a iya saninsa mota tara ce a unguwar, biyu a cikinsu kaji ke kwana a ciki. Aka sake dariya. Shi bai yi ba. Ya ce ba wannan ya kawo shi ba, so yake a nuna masa nasa gidan a cikin kwalin, ya san inda zai kai iyalinsa.

Ta tambaye shi lambar takardarsa. Ya ce ba a ba shi takarda ba. Ta ce wataƙila kuskuren mai rabawa ne, ta juya ga jama'a ta ce duk wanda ya samu takarda ya ɗaga hannu. Na kan kujeru suka ɗaga. Na tsaye ko ɗaya.

Mai-walda ya juya shi ma. “To wanda ya kwana a unguwar nan jiya ya ɗaga.”

Hannaye suka tashi a jikin bango, a tagogi, a baranda, har can cikin fili inda ba a jin abin da ake faɗa sai an miƙa musu. Gwaggo ma ta ɗaga nata, ba da sauri ba.

Mai-taswira ta sunkuyar da kai kan taswirar. Idonta ya sauka a kan dogon rufin da ke bayan famfo, ɗigo na tamanin da bakwai. Ɗigo ɗaya. A ƙarƙashinsa ɗaki sha huɗu ne, bakwai na kallon bakwai, kowane ɗaki da iyalinsa. A na bakwai ta yi shekara sha uku tana kwana. Ta san inda kwanon ke yoyo. Sau uku ta ɗiga masa ja, ba ta gane shi ba, don daga sama ta kalle shi, kuma a inda ta yi karatu rufi ɗaya iyali ɗaya ne.

Ta ce a ba ta minti biyar.

A bayan ajujuwa ta kira Darakta, shugabanta a hukumar. Ya saurare ta har ta gama, ana jin ƙarar talabijin a inda yake. Bai yi mamaki ba, abin da ya fi damunta ke nan. Ya ce hukuma da masu gida take magana, ɗan haya kuwa tsakaninsa da wanda ya ba shi haya. Ya ce in aka buɗe jerin masu samun gida, kafin Laraba kowa ya kwaso danginsa daga ƙauye, za ta ga mutum dubu uku kowa na rantsuwa a nan aka haife shi, kuma ba ta da abin da za ta tantance su da shi. Ya tuna mata shekara huɗu aka yi ana neman wannan layin, kuma mutanen da take tausayi su ne za su hau bas ɗin. Sannan ya sassauta murya.

“Na ji an ce kina da gwaggo a wurin. Gida ɗaya ba zai gagara ba. Kawo sunanta Litinin, mu sa a ƙasa. Ki karɓo mini sa hannun nan.”

Da ta koma, an riga an buɗe kwalin biro. Mai-gida ne ya raba biro. Masu gidaje suna sa hannu a kan cinya, a kan bayan juna, na tsaye suna kallo. Ba a yi faɗa ba. Mutane suka fara zarewa biyu-biyu, uku-uku, kamar an tashi daga kasuwar da ba a yi ciniki ba. Kafin azahar takarda ɗari da casa'in da takwas sun dawo hannunta da sa hannu, fiye da abin da majalisa ke buƙata. Saura shafin farko, inda jami'in da ya yi ƙirga zai rubuta cewa ƙirgar ta cika, ya sa hannu. Nata ne wannan.

Ta bar samfurin a ofishin shugaban makaranta, ta bi Gwaggo gida.

Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, sai dai ya ƙanƙance. Keken ɗinki a bakin taga, gado, akwatuna uku a kan juna, labulen da ya raba wurin kwana da wurin aiki. Gwaggo ta zauna ta miƙe ƙafa, ta jawo wata riga ta ci gaba da farke ɗinkin wuyanta. Mai-taswira ta zauna a bakin gado, ta tashi, ta leƙa tsakar gida, ta dawo.

“Ke, zauna ko ki fita. Kina tare mini haske.”

Ta zauna. Ta faɗa mata komai, har da maganar Darakta. Ta zaci Gwaggo za ta yi tsaki ta ce Allah ya kiyaye. Gwaggo ta ciji zare ta tofar.

“Kar ki ɗauke ni waliyyiya, 'yar nan. In kin kawo makulli zan karɓa. Shekara talatin ina bin layin banɗaki da buta a hannu, gwiwar nan ta gaji. Zan karɓa, in shiga, in rufe ƙofa.” Ta juya rigar. “Sai dai ranar da zan kwashe kaya, ke za ki zo ki tsaya a tsakar gidan nan ki kalli sauran sha ukun. Ni ba zan iya ba.”

Mai-taswira ta ce ko ta ƙi sa hannu, ba ta da hujja. Darakta ya yi gaskiya a nan: ba takardar haya, ba rasit, mitar wuta ɗaya ce a gidan gaba ɗaya. Da me za ta nuna wane mazauni ne, wane jiya ya zo?

Gwaggo ta dube ta ta saman tabarau, ta ce duk karatun nan ashe bai goge mata wautar ba. Ta tambaye ta wace rana ce tata a gidan nan tana yarinya. Mai-taswira ta buɗe baki za ta ce ba ta gane ba, sai amsar ta fito da kanta: Talata. Duk Talata ta biyu, ɗaki na bakwai ke wanke banɗaki da share kwata, kuma ita ake turawa.

Ta fita ba takalmi. A jikin bangon banɗakin, daidai tsayin ido, jerin yana nan. Da alli ake rubutawa a da, yanzu an yi shi da baƙin fenti: layi sha huɗu, kowane ɗaki da sunan mai shi da ranarsa. Inda wani ya tashi an shafe da farar ƙasa an rubuta sabon suna a kai, tsohon yana leƙowa ta ƙasa. A ƙarƙashin jerin kuma ƙusa sha huɗu, na rataye makullai.

Gwaggo ta taho a hankali ta tsaya a bayanta. Ta ce kowane gidan haya a unguwar yana da irinsa, in ba haka ba da an daɗe da kashe juna. Ta ce mutum zai yi ƙarya ya shiga jerin rabon gida, zai yi ƙarya ya shiga jerin rabon komai ma.

“Amma ban taɓa ganin wanda ya yi ƙarya ya sa sunansa a wankin banɗakin da ba ya shiga ba.”

Lahadi da sassafe suka fara, ita da Mai-walda, Gwaggo na biye da su da kujerar roba a hannu, tana zama a kowace ƙofa tana yi musu iso. Mai-taswira na ɗaukar hoton bango da waya, ta rubuta lambar ɗigon a gefe, Mai-walda na karanta sunayen da ƙarfi, matan gidan na gyara masa. Wani gidan a bayan kalanda aka rubuta, wani a murfin kwali cikin leda saboda ruwa. A wani gidan jeri biyu suka samu, don an yi rigima shekara uku da suka wuce an raba banɗakin. Mai-walda ya ce yau dai ya ga mai digiri biyu tana bin masai-masai da kyamara, in ya ba da labari ba za a yarda ba.

Ba kowa ya yi murna da su ba. A ɗigo na arba'in wata mata mai aikin shara a asibiti ta tare ta a zaure, ta ce ta ji ana cewa za a ɗaga aikin. Ta ce ita 'yar haya ce, ta san ba ta cikin jerin masu samun gida, ta haƙura, za ta nemi ɗaki a gaba. Amma ƙarfe biyar na asuba take fita da ƙafa don ta isa aiki ƙarfe bakwai, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma ƙafafun ba na aro ba ne. In an hana ta gida kar a haɗa da bas. Mai-taswira ta ɗaga waya. Ta ɗauki hoton bangon, sunan matar na huɗu, ranar Alhamis.

Mai-gida kuma a bakin famfo ya same su. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tun ranar da hukuma ta shafa wa bangonsa jan fentin rusau aka hana shi ko sauya kwano ɗaya, damina biyu ke nan yana tara ruwa da bokiti a kan gadonsa. Ya ce a gabansa ta girma, shi ya kai ta asibiti a babur ranar da ta karye a hannu, yanzu ita za ta ƙara masa damina ta uku. Ta ce masa gaskiya ne, Baba. Ya kaɗa riga ya tafi.

Da rana ta yi sanyi sun shiga rufi ɗari da talatin da ɗaya, batirin wayar ya mutu, Gwaggo ta ce ko da bindiga ba za ta ƙara taku ɗaya ba. Suka zauna a bencin shagon walda. Mai-taswira ta haɗa lissafin a bayan takardar gayyata: iyali ɗari huɗu da sittin da uku, ga sauran rufi tamanin da ɗaya ba a shiga ba. Ta juya takardar ta fara zane. In aka cire filin motocin da babu su, in benayen suka tashi daga hawa biyu zuwa huɗu, filin zai ɗauki kusan ɗari bakwai. Kusan. Sai an sake zane, an sake auna ƙasa, an sake zuwa majalisa. Wata bakwai in an yi sauri, kuma ba ta taɓa ganin an yi sauri ba.

Mai-walda ya leƙa zanen. Ya ce hawa na huɗu a ba matasa, su da tsofaffi a bar su a ƙasa, kuma shagonsa fa, ko walda ma a bene za a riƙa yi. Ta rubuta “shaguna” a gefe ta ja layi biyu. Ya ce wannan karon in za a zana, a zo nan bencin a zana, yana da tebur.

Litinin ta riga masu shara isa ofis. Ta buga hotunan bango ɗari da talatin da ɗaya, injin na cije takarda tana zarowa. Ta jera su a fayil, a bayan takardun masu gidaje. Ta ɗauko shafin farko ta ajiye a gabanta. Ta cire murfin biro, ta mayar. Ta je taga ta kalli titi, motoci sun riga sun cushe har kan gada, mutane na sauka suna ƙarasawa da ƙafa. Ta tuna matar asibiti, ƙarfe bakwai saura, yanzu tana kan hanya ko ta isa. Ta tuna buta a hannun Gwaggo. Ta dawo ta zauna, ta sake tashi.

Ƙarfe takwas da rabi sakatare ya leƙo ya ce Darakta ya iso, motar majalisa za ta tashi ƙarfe tara, yana jiran fayil.

Ta same shi a tsaye yana ɗaura agogo, ƙofar ofishin a buɗe, ma'aikata biyu na jira a baranda da nasu takardun. Ya miƙo hannu yana murmushi, ya tambaya ko ta kawo sunan gwaggon.

Ta ce ta kawo. Yana shafi na tamanin da bakwai, layi na bakwai, ranar Talata, tare da sauran sha ukun.

Ya dubi kaurin fayil ɗin, ya dubi fuskarta. Ta juya ta tura ƙofar har sai da ta ji ta kama.

“Yallaɓai, ƙirgar tawa ce, kuma ba daidai take ba. Ban sa hannu ba, ba zan sa ba. Ɗaki-ɗaki zan sake ta.”